Da Tsohuwar Zuma Ake Magani? Mazubi da Zafi a Ajiyar Busassun Magungunan Gargajiya



Hausawa suna cewa da tsohuwar zuma ake magani. Akan kawo wannan karin magana ne idan ana so a girmama tsohon ma'aikaci ko tsohon abokin shawara, kuma a wannan ma'ana babu mai gardama da ita. Ko a ma'anarta ta zahiri ma tana da madogara, domin nunanniyar zuma ruwan da ke cikinta bai cika kai kashi 20 cikin 100 ba, saura kuwa kusan duk sukari ne, saboda haka ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci ba su samun wurin zama a cikinta. Takan yi shekaru a tulu ko a kwalba ba ta lalace ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, mutane da yawa sun ɗauki hukuncin zuma sun ɗora wa duk abin da aka kira magani. A tashar mota ko a bakin kasuwa sai a ji magori yana yabon garin da ke hannunsa da cewa ya daɗe a ajiye, wai ya riƙa. A gidaje kuma akwai ƙullin sassaƙe ko na ganye da aka rataye tun haihuwar yaron da yanzu yake firamare, ana jiran ranar da za a bukace shi. Abin da wannan lacca za ta duba shi ne abin da ke faruwa ga busasshen magani tsakanin ranar da aka shanya shi da ranar da aka sha shi, da kuma yadda mazubin da aka zuba shi da zafin wurin da aka ajiye shi suke yanke hukunci a kan ko ya yi amfani, ko ya zama dusa, ko ma ya zama dafi.

Ɗanyen ganye mafi yawan nauyinsa ruwa ne, sau da yawa kashi 70 zuwa 80 cikin 100. Hikimar shanya ita ce a fitar da wannan ruwa, domin da shi ne hunhuna da sauran ƙwayoyin ruɓa suke rayuwa, da shi ne kuma sinadaran da ke cikin tsiron kansa suke ci gaba da aiki bayan an tsinke shi. Masana harhaɗa magunguna suna son ruwan da ya rage a yawancin busassun tsirrai kada ya wuce kashi 10 zuwa 12 cikin 100. 'Yar mai ganye ba ta da ma'auni, amma tana da hannu da kunne: ganyen da ya bushe ƙayau yakan murmushe idan an murza shi, saiwar da ta bushe takan karye ƙas maimakon ta lanƙwashe. Wannan gwaji nata bai yi nisa da na ɗakin bincike ba. Sai dai kuma bushewa rage gudun lalacewa take yi, ba ta tsayar da ita. Daga ranar da aka kwashe shanya, maganin yana nan yana canzawa a hankali, kuma zafi da laima da haske da iska su ne ke ingiza shi.

Harshen Hausa da kansa shaida ne cewa mutanen da sun lura da wannan. Ana cewa yaji ya sha iska, watau an bar shi a buɗe har kaifinsa ya tafi. Ana cewa abu ya salance ko ya yi lami, idan ɗanɗanonsa ya gushe. Ana cewa ya koɗe, idan launinsa ya fita; ya yi hunhuna, ko fumfuna a wani karin harshen, idan wannan farin ko koren gashi ya rufe shi; ya yi gumi, idan ruwa ya tsattsafo a cikin mazubinsa; ƙwari sun ci shi, idan ya koma gari da kansa ba wanda ya daka. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi tana nuna wata hanya ce ta lalacewa dabam, mai dalilinta dabam. Abin mamaki shi ne, matar da ba za ta yarda ta kaɗa miya da kukar da ta koɗe ba, ita ce za ta jiƙa wa jaririnta daurin da ya fi wannan kuka tsufa, ba tare da ta yi wani tunani ba.

A fara da magungunan da ƙarfinsu yake cikin ƙamshinsu, irin su kanumfari da kimba da masoro da na'ana'a da ɗoɗɗoya da tazargade. Ƙamshin nan wani mai ne marar nauyi da tsiron ya tara a cikin ƙananan jakunkuna a jikin ganye ko ɗa, kuma ɗabi'arsa ita ce tashi ya bi iska. Kanumfari, wanda ake kawowa daga ƙasashe irin su Zanzibar da Madagaska da Indunisiya, yana cikin waɗanda suka fi kowa wannan mai, domin mai kyau yakan ɗauki kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na nauyinsa. Mafi yawan man kuwa wani sinadari ne da ake kira yujinol, shi ne yake sa dasashi ya yi sanyi idan an danna kanumfari a haƙori mai ciwo, kuma likitocin haƙori na asibiti ma suna aiki da shi. To, duk lokacin da mutum ya wuce rumfar mai kayan ƙamshi ya ji ƙamshi ya buge shi tun daga nesa, abin da hancinsa ya shaƙa maganin ne yake fita daga buhu. Mai rumfa yana jin daɗi ƙamshi yana kira masa ciniki, alhali jarinsa ne ke bin iska. Akwai tsohon gwaji mai sauƙi na gane kanumfarin da bai tsiyaye ba. Idan an danna shi da farce mai yakan ɗan fito. Idan an jefa shi a ruwa yakan nutse ko ya tsaya a tsaye, wanda ya rasa mansa kuwa sai ya kwanta a kan ruwa kamar tsinke.

Sa'an nan akwai waɗanda launinsu ke tona asirinsu. Zogale da kuka da sabara idan an shanya su a inuwa, inda iska ke kaɗawa, sukan fito kore shar. Idan an baza su a rana tsaka, ko an ajiye garinsu a farar leda a kan tebur a bakin titi, cikin makonni kaɗan sai koren ya koma ruwan ƙasa. Zoɓo kuma, wanda ake nomawa da yawa a Jigawa da Kano da Katsina har ana fitar da shi waje, jan nan nasa mai duhu zafi da haske suna cin sa, ya koma kamar tsohon jini. Fitar launi ba ita kaɗai ce hasarar ba. Zafi da haske da iskar da suka lalata launin, su ne kuma suke lalata waɗansu sinadarai masu amfani da ido ba ya gani, kamar bitamin C da sinadarin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai game da garin zogale, tun da yake ana ba da shi ga yara masu tamowa da mata masu shayarwa domin waɗannan sinadarai ɗin ne.

Game da zafi akwai wata ƙa'ida da ya kamata kowane ma'aikacin lafiya da na gona ya riƙe. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 masana kimiyya, musamman Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin a 1889, suka bayyana yadda zafi ke ƙara saurin canzawar sinadarai. A taƙaice, ga yawancin irin waɗannan canje-canje, duk ƙarin digiri 10 na ma'aunin Salshiyos yakan ninka saurin kamar sau biyu. Ƙiyasi ne, kowane tsiro da nasa hali, amma lissafin yana buɗe ido. Abin da zai shekara da ƙarfinsa a digiri 25, a digiri 35 wata shida zai yi, a digiri 45 kuwa wata uku. Yanzu sai a tuna cewa a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram zafin rana a watan Afrilu da Mayu yakan kai digiri 40 a inuwa, wani lokaci ya zarce. Cikin shago mai rufin kwano marar silin ya fi haka. But ɗin motar da aka ajiye a rana da lasifika a kanta, ana tallar maganin basir da na sanyi daga safe har la'asar, ya fi shagon. Kwalin maganin asibiti yakan zo da gargaɗin a ajiye shi a ƙasa da digiri 30, kuma an gwada shi a irin wannan zafi an ga iyakar kwanakinsa kafin a buga masa ranar ƙarewa. Garin sassaƙen da ke cikin but ɗin nan ba wanda ya gwada shi, ba wanda ya rubuta masa rana.

Tarihin maganin zazzaɓin cizon sauro da ake sha a asibitoci yau ya nuna irin ɓarnar da zafi ke yi. Asalinsa daga wani tsiro ne ɗan'uwan tazargade da ke ƙasar Sin. Masu bincike a can sun yi ta tafasa shi suna samun sakamako marar tabbas, sai a 1971 wata masaniya mai suna Tu Youyou ta gane cewa zafin ne yake ɓata abin da ake nema, ta koma tatsar sa da ƙaramin zafi, aikin ya yi kyau. A kan wannan aka ba ta lambar Nobel a 2015.

Adalci ne a faɗa cewa ba kowane canji ne raguwa ba, kuma masu cewa magani yana riƙa ba su rasa hujja gaba ɗaya ba. Cittar da ake nomawa a kudancin Kaduna, a yankunan Kachiya da Jaba, idan ta bushe ta sha zafi, sinadarin yajinta yakan juya ya zama wani wanda ya fi shi kaifi, shi ya sa busasshiyar citta ta fi ɗanya yaji. A Amurka akwai wani ɓawon itace da ake kira kaskara, maganin bushewar ciki, wanda ƙa'idar harhaɗa magunguna ta ce sai ya shekara a ajiye, ko a gasa shi ta hanyar da ta dace, kafin a yi aiki da shi, domin sabonsa yana sa amai da murɗar ciki. Amma a lura, wannan tsufa ne da aka auna, aka san farkonsa da ƙarshensa. Abin da ke faruwa a rumfa kuwa tsufa ne na kara-zube. Illarsa ita ce mudu ya ɓace. Mai magani ya ce a sha cokali ɗaya safe da yamma. Cokali ɗaya na garin da aka daka jiya da cokali ɗaya na wanda ya yi bazara biyu a shago sunansu ne kawai ɗaya. Marar lafiya ya sha tsohon bai ga komai ba, sai ya riɓanya. Ran da ya sayi sabo ya sha a kan wannan riɓi, sai a kwashe shi ranga-ranga. Wannan ya fi haɗari ga masu ƙarfi irin su filasko da sanamaki da ake sha don wankin ciki.

Zafi yana rage ƙarfin magani, amma laima ce take mai da shi abin tsoro. Busasshen ganye kamar soso yake, yana shan ruwa daga iska yana kuma mayarwa, gwargwadon yanayin da ya sami kansa. Da hunturu a ƙasar Hausa laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, saboda haka kusan duk abin da aka shanya zai bushe da kyau, wanda aka ajiye kuma zai zauna lafiya ko da a buɗe ne, in ban da ƙura. Wannan rahama ta hunturu ita ce take yaudarar mutane. Da damina ta kankama, a watan Yuli da Agusta, laimar takan haura kashi 70, kuma daga wajajen kashi 65 zuwa 70 ne hunhuna take fara samun abin da take so. Buhun da ya kwana lafiya wata bakwai sai ya yi laushi cikin mako biyu, musamman idan yana jingine da bango ko yana zaune a daɓen siminti. Haka kuma fataken magani da ke ɗaukar kaya daga Kurmi a Kano zuwa Legas ko Fatakwal ko zangon Kumasi ko Duwala, sun ɗauke shi ne daga busasshiyar ƙasa sun kai shi inda kusan kullum damina ce. Mazubin da ya wadatar a Kano ba ya wadatarwa a can.

Abin da hunhuna ke iya yi wa busasshen tsiro ya bayyana ƙarara a kan dabbobi tun kafin a gane shi a kan mutane. A shekarun 1920 makiyaya a arewacin Amurka da Kanada suka ga shanunsu suna mutuwa da zubar jinin da ba ya tsayawa, ko da daga ɗan ƙaramin rauni ne. Aka bi sawu aka tarar harawa ce ta wata ciyawa mai ƙamshi, wadda ba ta da wata illa idan ta bushe da kyau. Amma idan ta yi hunhuna a ajiya, sai hunhunar ta juya sinadarin ƙamshin ya zama wani mai hana jini daskarewa. Karl Link da abokan aikinsa a Jami'ar Wiskonsin ne suka ware wannan sinadari a wajajen 1940, daga nan kuma aka samo warfarin, wanda aka fara sayarwa a matsayin maganin ɓera a 1948, daga baya likitoci suka mai da shi maganin tsinka jini. Ciyawa ɗaya ce, gona ɗaya ce. Ajiya kaɗai ta raba abincin shanu da ajalinsu.

Wanda ya fi kusa da gida shi ne dafin da ake kira afalatoksin. An gano shi ne bayan 1960, shekarar da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila saboda ƙuli-ƙulin gyaɗa da aka kawo daga Barazil aka haɗa musu abinci da shi. Wata hunhuna ce mai suna Aspergillus flavus take yin sa, kuma zafi da laima su ne abin sonta. Takan kama gyaɗa da masara, takan kuma kama busasshen barkono da citta da sauran kayan yaji da saiwoyi. A 2004 a gabashin Kenya mutane 317 suka kamu da gubarsa daga masarar da aka ajiye da danshi, 125 suka rasu. Irin wannan mutuwa ta farat ɗaya ba ta cika aukuwa ba; abin da ya fi yawa shi ne a yi ta cin kaɗan-kaɗan shekara da shekaru yana cin hanta, har ya kai ga ciwon daji, kuma haɗarin yakan ninka ƙwarai ga mai ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wadda take da yawa a Afirka ta Yamma. Abubuwa biyu ne suka sa wannan dafi ya zama mugu. Tafasa irin ta gida ba ta kashe shi, kuma idan an kakkaɓe hunhunar an sake shanya saiwar a rana ta yi kyan gani, dafin yana nan a ciki. Sai a dubi wanda ya fi kowa shan jiƙo da tsimi na tsawon makonni: mai shawara ne, wanda idonsa ya yi rawaya domin hantarsa ta riga ta gaji. Idan sassaƙen da aka jiƙa masa ya taɓa yin hunhuna, to ana ɗora wa hantar kaya ne a daidai lokacin da ake nufin sauke mata.

Yanzu sai batun mazubi. Mutanen da suna da tandu da batta da ƙaho da gora mai toshi da ƙaramar tukunya mai murfi, wanzami kuma yana da zabirarsa. Dukkansu suna da siffa ɗaya mai kyau, watau haske ba ya ratsa su. Ana kuma ajiye su a ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin soro ko na ciyawa, wanda da tsakar rana ya fi waje sanyi nesa ba kusa ba, a rataye a ragaya ko a jikin azara, nesa da daɓe. Ba a ce ba su da aibi ba. Ƙwarya da tukunyar da ba a shafe ba suna numfashi, da damina laima takan shiga. Ɓera da gara ma ba su jin kunyarsu. Masu rataye ƙulli a saman murhu suna samun bushewa da korar ƙwari, amma suna biya da ƙamshin da zafi ya kora da kuma kunkunniya. Gaskiyar magana, babban abin da ya tsare maganin mutanen da ya fi ga yadda suke ajiyar, ba ga mazubin kansa ba. Kaɗan suke ɗebowa, domin daji yana bayan gari, kuma sukan bar saiwa a saiwarta, sassaƙe a sassaƙensa, sai an zo bukata a daka.

Wannan daka tun da wuri ita ce babbar hasarar zamanin nan. Saiwa guda tana da ɓawo da ya rufe cikinta. Da zarar an daka ta an tankaɗe, kowace ƙwayar gari ta zama fuska da iska da haske za su taɓa, jakunkunan man nan kuma duk sun fashe. Gari ya fi sauƙin aunawa da ƙullawa da sayarwa, ya kuma fi sauƙin a cakuɗa shi da abin da ba shi ba, amma kwanansa bai kai na ɗanyen itacen da aka busar aka bari yadda yake ba.

Leda kuwa ta zo ta kori kusan duk tsofaffin mazubai, don arha da sauƙi. 'Yar siririyar ledar ƙulli tana tare ruwa da ƙura gwargwado, amma iska tana ratsa ta, haske yana ratsa ta, man ƙamshi ma yana ratsa ta, wani kuma ita kanta take shanyewa. Duk wanda ya taɓa jin ƙamshin kanumfari daga ƙullin da ba a kwance ba ya riga ya ga hujja. Mafi muni shi ne a ƙulle maganin da bai gama bushewa ba. Da rana zafi ya fitar da sauran ruwan daga ganye, da dare ya sauka a jikin ledar ya zama raɓa, ya koma ya jiƙa saman garin. Ke nan an gina wa hunhuna ɗaki. A irin wannan hali buhun algarara ko jakar takarda, da suke barin danshi ya fita, sun fi leda. Saboda haka ƙa'idar tana da gaba da baya: a busar sosai tukuna, sa'an nan a rufe ruf. Wanda ya cika sharaɗin farko, mafi kyawun abin da zai samu shi ne kwalba mai duhu mai murfin murɗawa, ko gwangwani mai kama baki, ko jakar nan mai shimfiɗar alminiyon a ciki irin wadda ake zuba garin madara, domin ita ba ta barin haske ko iska ko laima su wuce. A cika mazubin ya kusa baki don iskar da ke ciki ta yi kaɗan, a raba kaya a ƙananan mazubai maimakon babba guda da za a yi ta buɗewa kullum. Abin da ba shi da uzuri ko kaɗan shi ne zuba magani a buhun taki ko na siminti, ko galan ɗin da aka taɓa zuba maganin feshi, ko ƙunshe gari a tsohuwar jarida.

Ma'aikaci mai firij a gida zai ce ai shi ya huta. Sanyi lalle yana tsawaita kwanan magani, amma da sharaɗi. Kwalbar da aka fito da ita da sanyinta aka buɗe nan take, laimar ɗaki takan sauka a kan garin kamar yadda take sauka a jikin kwalbar lemo; in ana yin haka kullum, ga kuma wuta tana zuwa tana ɗaukewa, ƙarshenta firij ɗin ya jiƙa abin da aka ba shi tsaro. Sai an bar kwalbar ta huce kafin a buɗe. Haka nan dabarar randa cikin randa da yashi mai ruwa a tsakani, wadda malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, aba ce mai albarka ga tumatir da alayyaho da yalo, amma da laima take yin sanyinta, don haka ba wurin busasshen magani ba ne sai in yana cikin kwalbar da aka rufe gam. Ga masu tara kaya buhu-buhu, darasin da ya fi amfani daga manoman wake yake. Buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007, leda biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa, ana ɗaure kowace dabam. Ƙwarin da ke ciki sukan shanye iskar su mutu ba tare da an zuba komai ba. Wannan ya fi yayyafa fiya-fiya a ɗakin ajiya nesa. Irin wannan maganin ƙwari ne aka samu ya yi yawa a waken Nijeriya har Tarayyar Turai ta hana shigar da shi a 2015, kuma abin da aka ƙi a wake bai kamata a same shi a daurin jariri ba.

Ga ma'aikatan gwamnati, musamman na lafiya da duba-gari da hukumomin kasuwa, akwai wani giɓi da ya kamata a sani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin noma da tattara tsirran magani a 2003, har da shanya da ƙunshewa da ajiya. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana duba magungunan gargajiya da aka ƙunshe don sayarwa ta ba su lamba. Amma abin da ɗakin bincike ya auna samfurin da aka kai masa ne a ranar da aka kai shi. Kwalbar da ta fito da lamba ta je ta yi wata huɗu a rana a bakin tasha, lambar ba ta yi mata inuwa. Mafi yawan maganin da talaka ke sha kuma ba ya bi ta wannan hanya ko kaɗan, daga daji ne zuwa buhu, daga buhu zuwa ƙulli. Gyaran da za a iya yi a nan bai kai tsadar gina asibiti ba: layin masu magani a kasuwa ya sami rumfa mai silin da tagogi, a ɗora buhuna a kan katako su bar ƙasa da bango, a tsananta dubawa a watan Agusta da Satumba lokacin da ɓarna take aukuwa, a kuma saba wa masu sayarwa da rubuta watan da aka ɗebo magani da watan da aka daka shi a jikin mazubi, da boko ko da ajami. Ganye da fure da gari, ko an kyautata ajiyarsu, bai kamata su wuce shekara guda ba. Saiwa da sassaƙen da ba a daka ba sukan kai biyu ko uku. Wanda ya yi hunhuna kuwa wuta ce makomarsa, ba shanya ba.

Ɗaliban Hausa ma suna da rabonsu a wannan aiki. Tun 1916 likita J. M. Dalziel ya buga littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa, a 1937 kuma ya fitar da babban littafinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma, kuma daga lokacin zuwa yau an rubuta kundaye masu yawa a jami'o'i a kan sunan itace da cutar da yake warkarwa. Tambayoyin da aka fi mantawa a yi wa boka da ungozoma da wanzami da 'yar mai ganye su ne na bayan an ɗebo: a wane wata ake sassaƙar maɗaci ko marke, a rana ake shanya sabara ko a inuwa, wane magani ne ba a yarda ya ga damina biyu ba, da wace alama suke gane wanda ya mutu, me kuma suke kiran wannan alama. Tsofaffin da suka yi aiki da tandu da batta kafin zuwan leda suna nan a Kurmi da kasuwannin ƙauye, kuma yawancinsu sun haura shekara saba'in.